Keke Ce ko Babur?

Mobilet ɗin Baba ta shekara tara a zaure,
kaji na kwana bisa sirdinta,
gizo-gizo ya naɗa wa madubinta rawani.
Ran Asabar Tasi'u ya jawo ta tsakar gida,
ya wanke filogi a murfin gwangwani,
ya hura, ya goge, ya taka feda.
Ta yi tari sau uku irin na mai ita,
sannan ta kama.

Na ce, "Shekarunka sha shida, ina lasin?"
Ya ce, "Abba, dubi feda, ai keke ce.
Wa ya taɓa yankar wa keke lamba?"
Na ce, "Hayaƙin nan fa, na turaren wuta ne?"
Amsar da na samu ƙarar salansa ce,
ta karya kwana ta bar Rafin Daɗi.

Kafin la'asar waya ta yi kuka:
an tare shi a shatale-talen Ƙofar Ƙwaya.

Na tarar da jami'ai biyu sun tsuguna
kamar masu taya akuya a kasuwa.
Dogon ya ce babur ce, tunda tana shan mai.
Gajeren ya kankare tsatsa da makulli,
ya karanto: si-si hamsin ba ɗaya.
"Wannan jemage ce," in ji shi,
"tsuntsaye sun ce tana da haƙori,
dabbobi sun ce tana da fiffike."
Suka buɗe littafi, suka rufe littafi,
'yan acaɓa na gefe suna ba da fatawa kyauta.

Tasi'u na tsaye, silifas ɗaya ya tsinke,
ba hular kwano, sai gashin da ya sha mai,
yana kallona in tsaya masa.

Ban tsaya masa ba.
Na tuna kwalta ba ta karatu,
ba ta tambayar si-si nawa kafin ta ɗebi fata,
tirela kuma ba ta san feda ba.

Dogon ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wando.
"Yaro, ka ce keke ce? Mun yarda."
Ya kwance filogin, ya danƙa mini a tafi,
da sauran ɗuminsa kamar ƙwan da aka ɗauke wa kaza.
"To hau kekenka. Allah ya kiyaye hanya."

Haka muka dawo, ina biye a ƙafa.
Ƙarfen da inji ya saba ɗauka
yau cinyar ɗan sha shida ke jansa.
Gumi ya zana masa taswira a baya,
yara na tafi, mai rake na dariya.
Kafin mu hango Gobarau ya sauka yana turawa,
ya ce, ba tare da ya waiwayo ba,
"Abba, wallahi babur ce."

Filogin na cikin gwangwanin allura na uwarsa,
zai jira damina biyu da takardar gwamnati.
Da dare na ji yana ƙirga watanni a kan yatsu.

Ni kuwa na ja ƙafar wando na rufe ƙwauri,
inda tabo ya kwanta kamar ƙadangare.
Ina sha huɗu na sace ta ran Juma'a,
Baba na masallaci.
Wannan labarin sai ya karɓo lasin zai ji shi.