Faci Goma Sha Ɗaya

Ni tela ne a Gangare,
ban taɓa riƙe sandar kurket ba,
amma na san gwiwar Dalyop fiye da likitansa.
Sau goma sha ɗaya farin wandon nan ya hau kekena,
kullum wuri guda yake yagewa, gwiwar hagu,
wadda yake kaiwa ƙasa in zai share ƙwallo zuwa bakin rafi.

Ranar da na fara ganinsa
raɓar Bukuru ba ta bar ciyawa ba tukuna.
An shimfiɗa tabarma, an kafa turaku uku,
sai ga siririn yaro da takalmin aro.
Jifan farko ya tumɓuke masa turke.
Sifili.
Muka yi dariya, har da ni, bakina cike da gyaɗa.
Washegari da sassafe na wuce za ni shago,
na same shi shi kaɗai yana buga wa dutse ƙwallo,
dutsen na maido masa, yana sake aikawa,
sanyi na cin kunnuwansa.

Suka ba shi kyaftin lokacin da ba mai so.
Ƙwallo biyu gare su, ɗaya ta ci ɗinki a hannuna.
Baƙi su zo da doguwar mota su lallasa mu,
ya bi su har bakin ƙofa yana ba su hannu,
ya dawo ya naɗe tabarma da kansa.

Shekarar da gari ya rabu biyu,
kowa ya haddace titin da ba ya tsallakawa,
Sallau mai tsaron turaku yana Unguwar Rogo,
Nandom mai jifa yana Kabong,
fili ya zama makiyayar awaki.
Wata Asabar muka ji tarin tsohon babur ɗinsa.
Ɗaya bayan ɗaya ya ɗauko su,
sawu tara, ba jawabi, ba ɗan jarida.
Abin da ya ce kawai: Sallau, safarka ta hannu tana wurina,
ta fara wari, zo ka karɓi abarka.

Na ga an karya masa yatsa,
ya ɗaure shi da maƙwabcinsa ya koma.
Na ga ruwan Agusta ya cinye mana nasarar da ke tafin hannu,
ya tsaya a ciki yana kallon sama
kamar mai jiran a ba shi dalili.

Bai taɓa cin ɗari ba. Ku rubuta, ba na ɓoyewa.
A wasansa na ƙarshe allo ya nuna casa'in da bakwai,
alli na rawa a hannun mai rubutu,
ni kuwa na cije hulata.
Sai ɗan yaron da ke ɗaya gefen ya ruɗe,
ya taho a guje inda babu gudu.
Dole ɗaya ya fita.
Dalyop ya dube shi sau ɗaya,
ya bar layinsa, ya taka a hankali zuwa inda yatsan alƙali ke jira.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo.
Duwatsu ba su yi mana kaɗan ba a Jos;
shi ya dafa nasa shekara ashirin da biyu,
da ya nuna, sai ya miƙa wa yaro ƙwaryar.

Jiya ya shigo shago yana ɗan ɗingishi,
furfura ta sauko masa har gemu,
ya ajiye wandon a kan tebur.
Na juya gwiwar, ban ga yaga ba.
Ya ce: Tanimu, ba faci ba ne yau.
Rage tsawon, ka matse ƙugun,
yaron nan ba shi da fari.

Na ɗauki almakashi, na ajiye.
Na ce masa ya dawo jibi,
wai zare ya ƙare.