Rabin Alli

Na taso daga Kuseri, takarduna cikin leda,
taya ta fashe a Waza, muka kwana bakin hanya.
Na shigo Marwa ran Talata, riga ta manne da baya,
aka ce: ɗaki na bakwai, nemi Malam Njidda,
shi ke zama da sababbi kafin su zaɓi darussa.

An ɗauke wuta tun safe, fankarsa ta yi tsit.
Kofin shayi ya danne tarin fom a tebur.
Sau biyu na tura masa sakamakona, bai duba ba,
sha shida bisa ashirin a lissafi,
makin da unguwarmu ta sha kunu a kansa.
Ya ce, "Tanimu, me ya kawo ka?"
Na ce, "Koyarwa."
Ya ce, "Wannan an rubuta a ƙofa. Kai nake tambaya."

Na sunkuya.
Likita na nema, sunana bai fito ba,
Baba kuwa ya ce albashin gwamnati ba ya jin fari.

Ya jawo aljihun tebur, ya karya alli gida biyu,
ya miƙo mini rabi, ya leƙa taga
ya kira 'yar mai ƙosai daga gindin darbejiya:
"Asta, zo. Ga wanda zai koya miki
yadda ake raba uku wa mutum huɗu."

Na fara da Faransanci, ta dubi yatsun ƙafarta.
Na koma Hausa, ta girgiza kai.
Na ja layi, uku a sama, huɗu a ƙasa,
na sake, na goge, na sake,
har alli ya zama gari a hannuna.
Malam ya ɗebi ƙosai uku a farantinta,
ya yi mata Fillanci, yana nuna mu da masinja:
mu huɗu ne, wa za a hana?
Ta gutsura, ta gutsura, ta jera a kan takardata,
mai ya ratsa sha shidan nan tawa.
Ta karɓi kuɗinta tana dariya, ta fice.

"To, yanzu mu cika fom," in ji shi.
"Lissafi naka ne, ba inda za shi.
Darasin halayyar yara, wanda kowa ke zillewa
don ƙarfe bakwai ake shiga, sa hannu nan.
Ranar gwajin koyarwa,
kar ka nemi makarantar bayan gidan kawunka.
Wata rana takarda za ta jefa ka bayan Mokolo:
yara ɗari da ashirin, benci sha tara,
wannan da Mafa a baki, wancan da Barbarci.
Kalma biyar kullum, roƙa wajen abokan ɗakinka,
ba a jin kunyar bara irin wannan.
In ka faɗi jarrabawa, biyo nan kafin ka kira gida,
akwai zama na biyu.
In kuɗin haya ya yanke, zo;
ba ni da su, amma na san ƙofar da ake bugawa.
In kuwa shekara ta juyo zuciyarka na asibiti,
zan rubuta maka wasiƙa da hannuna.
Aji ba rumfa ba ne.
Yara na gane wanda ya shigo fakewa."

Ɗaya rabin allin ya mayar, ya tura aljihu.
"Wannan sai ran da ka gama."

Na dawo ta gadar Kaliyawo da la'asar.
Kogin ba komai sai yashi,
amma can ƙasa wata mata ta durƙusa tana tono,
hannu ya nutse har gwiwa,
ƙwarya a gefe tana jira.
Na daɗe a tsaye, 'yan babur na yi mini oda,
takardar na ƙanshin ƙosai a ƙirjina.