Dashe

Likita ya zana mini zuciya a bayan takardar magani,
ya ce, "Malam Gambo, duba nan.
Jijiyar da ke ciyar da zuciyar 'yarka
ba daga uwar rafi ta taso ba.
Tun a ciki ta saki hanya,
tana shan jinin da bai kai ga huhu ba."

Na ce na gane.
Shekara ashirin ina ban ruwa a Meskin,
na san fangalin da aka haɗa da makwararar banza:
ganye ya yi ɗorawa, mai lambu ya zagi iri.
Mu ma mun zargi nono,
mun zargi bakin mutane.
Wata biyar Rumana na jiƙewa da gumi in ta kama mama,
ta saki, ta tsandara kuka,
leɓe fari fat kamar cikin albasa.

Na sayar da injin ruwa.
Na sayar da buhu talatin tun suna ƙasa.
Atine ta goya ta daga Marwa zuwa Ngaundare,
daga nan jirgin ƙasa ya yi kudu da su.
Kuɗin hanya na mutum ɗaya ne.

Yau ce ranar.
Da guga nake ja, na aro,
waya na aljihu, ƙulle cikin leda.
Sun ce za su tsayar da zuciyar cak,
inji ya riƙe mata aiki,
su yanko jijiyar da ɗan naman gindinta,
yadda nake ciro dashe da ƙasarsa,
su kafa ta inda jini yake ja.
Zuciyar da ba ta wuce ƙwan zabo ba!
Wace allura? Wane irin yatsa?

Azahar ta wuce, ban san me na karanta ba.
Bakari ya kawo shayi, ya huce a kan kunya.

Gab da la'asar leda ta motsa.
Atine ba ta yi sallama ba:
"Ta buga. Da kanta ta buga.
Amma sun ce a jira kwana uku."

Na sani.
Dashe ba ya nuna kamu ran farko,
kwanciya yake yi kamar ya mutu.

Da na duba ƙasa, ruwa ya ci bakin fangali,
ya bi ta kan ƙafata ya shiga lambun Bakari.
Na bar shi ya tafi.