Filta ta Uku

Asabar a Hull, bayan layin masu kifi,
ana yayyafin nan nasu
da ba ya jiƙa mutum sai ya gama raina shi.
Na ɗaga bonet na tokare da sandar tsintsiya,
ƙarfen tokarar ya karye tun a hannun mai motar na farko.
Kande na riƙe da tocila,
tana haska ko'ina ban da inda nake so.

Wata biyar rabona da gidan mai.
Wilf mai suyar kifi da dankali
yana tara tsohon mansa a jarka,
wani a Beverley ya dafa, ya tace, ya sayar mana da rangwame.
In na tsaya a danja
salansa ƙamshin suya take,
karnukan unguwa na raka mu da hanci.

Ran nan a tsakiyar gadar Humber
motar ta kama tari.
Na taka, ta ƙi. Na lallaɓa, ta yi nishi.
Tsohuwar da na ɗauko, da kyanwarta a kwando,
su biyu suna kallon ƙeyata.
Na zagi man, na zagi Wilf,
har kifin bai tsira ba.

Halina bakanikiya ta goge hannu a cinya,
ta ce, malam, bar ɗora wa sabon mai laifi.
Shi wanki ya zo yi.
Dauɗar shekara ashirin ce manne a bangon tanki,
tana kwance abinta, ba mai tashinta.
Shi ya jiƙa ta, ya ɓamɓaro ta,
filta ta tare, ta tare, har ta shaƙe.
Canza a mil ɗari biyar.
Ka sake a dubu.
Kullum ka bar guda a but, da sifana.
In sanyi ya shigo ka sirka da dizal,
wannan barci yake kamar manja.

Yau ga ta uku.
Tsumma a ƙasa.
Na sassauta ɗan noti na gindi,
ruwa ya fara zuba a kwalbar zuma,
shi ne mai nauyi, shi ke kwana ƙasa.
Sai mai, ruwan ɗorawa, a sannu.
Na kwance tsohuwar, ta cika tafina da ɗumi.
Na dangwali mai da yatsa
na shafe zoben robar sabuwar
kamar mai shafa wa jariri leɓe.
Da hannu ake ɗaurewa. Ƙarfi ɓarna yake a nan.
Sai matsa famfo, matsa, matsa,
kumfa na gudu a cikin tiyo
har robar ta yi tauri a hannuna.

Kande ta ce a yanka tsohuwar mu gani.
Na sa zarto.
Takardar ciki, da fara ce a naɗe,
yanzu baƙa ƙirin, kamar an dama kwalli da daddawa.
Ta toshe hanci ta ce, Baba,
to in man mai tsabta ne, wannan daga ina?

Na buɗe baki, na rufe.
Makon jiya Shekarau ya kira,
bayan shekara goma sha ɗaya.
Bai ambaci gonar ba.
Yaya sanyi, yaya yara, ka yafe ni, shi ke nan.
Magana wankakkiya.
Amma kwana uku ina juyi a gado,
abin da na ɗauka ya mutu
yana tasowa, yana tokare mini maƙogwaro.

Na ce, tun da can yana ciki.
Kashe tocilar, je ki murɗa makulli.

Tari ɗaya. Biyu.
Inji ya kama, ya daidaita numfashi,
ƙamshin kifin Wilf ya cika lungu.
Na jefa ta huɗu a but, da kwalinta.
Waya na aljihun hagu.
Hannuna duk mai,
bari in wanke tukuna.