Laka

Shekara ashirin ina tsaga gadon bayan rago
a mahautar Garwa, tun rana ba ta leƙo Binuwai ba,
ban taɓa tsayawa na dubi laka ba.
Farar aba ce mai santsi. In zare ta da ɗan yatsa,
in wurga wa magen da ke ƙarƙashin tebur.

Sai ran Lahadi, ranar kasuwar Pitowa,
Sallau ƙanena ya faɗo daga saman motar auduga.

Malama Dudu ta juya takardar magani,
ta zana mini a bayanta da biro:
ga ƙwaƙwalwa, ga laka ta gangaro cikin ƙashi,
jijiyoyi na fita bibbiyu, dama da hagu,
sau talatin da ɗaya.
Takwas a wuya, sha biyu a ƙirji,
biyar a tsatso, biyar a ƙasansu,
ɗaya can ƙarshe, kamar auta a bayan ɗaki.
Ta ja layi daidai cibiya.
Ta ce, a nan gadar ta karye.

Na mintsine shi a kafaɗa, ya harare ni.
Na mintsine shi a cinya,
ya ci gaba da ƙirga ƙudajen silin.

Na ce, to wa ke kaɗa masa zuciya?
Wa ke niƙa kunun da na ba shi da safe?
Ta ce, waɗannan ba sa jiran izinin kowa.
Akwai masu faɗar da gaba, su tada tsikar jiki,
su busar da miyau, su buɗe ƙwayar ido.
Akwai masu cewa zauna, ci tuwonka, yi barci.
A cikinsu har da wata doguwa
da ta sauko daga ka ta gefen wuya,
ba ta bi ta ƙashin baya ba,
kamar ɗan fito da ya bar wa motoci gada,
ya haye da kwalekwalensa cikin dare.

Da azahar zufa ta jiƙa masa goshi da ƙirji,
ƙafafu kuwa a bushe, kamar na aro.
Fitsari sai da roba. Kunyarsa ta fi ciwon.

Jiya babban yatsansa ya motsa.
Na fita da gudu, takalmi ɗaya.
Ta ce, Bawa, kar ka yi saurin yanka kaza,
lakar ƙasa ce ke magana da kanta,
saƙon bai kai sama ba.
Na ce, ai dai tana magana.

Yau na tsaga wani rago.
Na ga zarurrukan, bibbiyu, yadda ta zana.
Na fara ƙirgawa, wuƙa a hannu,
mage na kuka,
wata mata na cewa, malam, rabin kilo na ce.