Idon Gwaggo Tumba

Lungunmu na Runjin Sambo ba shi da ƙyaure,
ba shi da maigadi,
sai Gwaggo Tumba da farantin ƙuli-ƙuli
a bakin zauren da ya kalli hanya,
tun hantsi har a fito lisha.

Ta san ranar da na sayo fanka,
ta san bashi ne, ta san wurin wa.
Ta san wanda ke kashe babur tun daga kwana
ya turo shi a hankali, kada a ji dawowarsa.
In na wuce da baƙar leda
sai ta auna ta da ido:
"Malam, kihi na? Na Kwalkwalawa ko na ƙanƙara?"
Ban taɓa amsawa ba,
ba ta taɓa kuskurewa ba.

Na ƙara bulo biyu a kan katangata.
Da safe ta ce magini ya cuce ni,
ta ga yawan yashin da ya zuba.
Na yi mako uku ban gaishe ta ba,
ita kuwa ba ta fasa ƙirga ni ba.

Sai zafi ya sauko, irin na Sakkwato,
wanda ruwan randa ke komawa na wanka.
Iyali sun tafi suna Boɗinga.
Kwana huɗu babu wuta.
Don tsoron ɓarawo na jawo janareta cikin falo,
na sa sakata, na ja tagogi,
na kunna fankar bashin nan,
na kwanta.

Sauran labarin ba ni aka yi.

An ce da asuba ba ta ji ƙarar butata ba,
ba ta ji tarin da nake yi kafin alwala ba,
tarin da ni kaina ban san ina yi ba.
Sahu ya watse, takalmina bai wuce ba.
Ta tare Jabbi mai garuwa:
"Aje jarkokin ga, ka ɓalle ƙohwar can."
Ya ce gidan mutane ne.
Ta ce, "In lahiya lau yake, ni ka biya."

Na farka a asibiti,
kaina kamar turmin da ake sussuka a ciki.

Kafin a sallame ni
lungu duka ya san akwai buhun shinkafa ƙarƙashin gadona,
ni da na rantse wa Bube ko mudu ba ni da shi.
An san singiletina huda uku gare ta.
An san katifar ta lotsa ta gefen bango.
Rana guda, da baki guda,
ta cece ni, ta kuma yi tallata.

Na kai mata turmin atamfa.
Ta murza bakinsa da yatsu biyu,
ta faɗi kuɗinsa, har ragin da aka yi mini,
sannan ta sa albarka.

Bana yana ta rufe mata idon hagu,
na daman ma sai a hankali.
Da tafiya take gane mu yanzu:
"Bube, ƙahwarka ta tashi kuma?"

Jiya hantsi ya yi, faranti bai fito ba.
Na tsuguna ƙofar gida ina gyaran sarƙar keke
wadda babu abin da ya same ta.
Na ga jikarta ta fita da kwalba, ta dawo da leda.
Na auna ledar da ido: magani ne.
Na ƙirga masu shiga, mata biyar, namiji ɗaya,
ba wanda ya fito yana share ido.

Matata ta leƙo ta ce, "Sannu, Tumba ƙarami."
Ban kula ta ba.

Bulo biyun nan ne kawai suka dame ni.
Sai na taka turmi
nake hango zaurenta.