Harufa Ashirin da Biyar

Ranar Laraba ta mutu,
ina tsakiyar babi na uku na aikin wani ɗalibi.
Nepa suka dawo da wuta kamar masu ramuwar gayya,
sai ƙauri, sai shiru.
Na danna. Na sake dannawa.
Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Kwamfutar Yaya Mukhtari ce.
Shekara huɗu da rasuwarsa
ita ke ci da mu a ɗan shagona na Gwallameji,
shafi naira ɗari, ɗauri daban.

Na naɗe ta a zanen goyo, na tari keke zuwa Wunti.
Ishaya ya kwance ta, ya sunsuna, ya taɓe baki:
"Allon ya ƙone, Lauratu. Sai dai jana'iza."
Ya jawo wata 'yar gwanjo, cikinta wayam.
"Ɗauki wannan, in zuba miki na sata.
Dubu biyu. Duk garin nan shi ake ci."

Na ce a'a,
ba don na fi kowa tsoron Allah ba.
Wata uku Yaya yana takawa daga Dutsen Tanshi zuwa aiki,
yana tara kuɗin acaɓa a gwangwanin madara,
har ya sayi lasisi na halak.
Abokansa suka yi ta dariya:
wa ke sayen ruwa a bakin Gubi?
Ya ce shi dai yana son abu guda a duniya
wanda in an ce ina shaida, zai nuna.

To ina shaidar?
Kwalin ya ɓace a tashin gida.
Sitikar da ya manna a gindinta
cinya da zufa sun cinye,
saura K, da rabin bakwai.

Ishaya ya zaro faifan ajiya,
bai fi tafin hannuna ba.
Ya jona masa kebul a jikin tasa, ya kara kunne.
Ƙas. Ƙas.
Can sai ya ɗauki juyi, a hankali,
irin numfashin wanda zazzaɓi ya saka.
"Kai ya tafi," in ji shi, "amma ciki da rai."

Sunaye suka jeru a gilashi:
Hotunan Suna. Bashi. Kada A Taɓa.
Ishaya ya kawar da ido,
ya wuce su kamar baƙo a tsakar gida,
ya shiga can ƙuryar da injin ke binne sirrinsa.

Janareta ya mutu sau biyu.
Mai rake ya zo ya wuce.
Aka kira la'asar, na je na dawo.
Sai ga su,
biyar-biyar, sahu biyar,
tsaye cik, babu wanda ya tsufa.

Ba takarda kusa, na rubuta a hannu.
"B ce ko takwas?"
"Takwas."
"Sake faɗa."
Muka cusa su a bakin sabuwar ɗaya bayan ɗaya,
da'ira ta yi ta zagaye, ta yi ta zagaye,
ni kuwa na manta yadda ake haɗiye yawu.
Ta karɓa.
Ishaya ya ce in ba da na fetur kawai.

A gida Inna ta kama hannuna, ta ƙura masa ido.
Ba ta yi boko ba, amma ta san zubi.
Ta ja ni bayan ƙyauren ɗakinsa:
ga su nan da fensir a bango,
da bakwai ɗinsa mai ɗamara.
"Na zaci amanar wani ce," ta ce,
"shi ya sa na hana a yi fenti."

Na yi dariya har ta juye.

Da magariba na ɗauki buta.
Tawada ta bi ruwa,
K ce ta ƙarshen tafiya.